Gada a Rufe, Kogi a Buɗe: Yadda Za Mu Karanci Kasuwar Hatsi a Yankin Gaya

Duk wanda ya zauna a Tanda, ko a wani ƙauye na bakin kogi cikin gundumar Gaya, ya san wani abu da yake ba baƙo mamaki. A watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama kuma sama ba ta zubar da ko ɗigo, sai a ga Kogin Kwara ya cika ya batse. Wannan ruwa a duwatsun ƙasar Gini ya sauka tun cikin damina. Daga can ya gangaro Mali, ya bazu cikin wata ƙatuwar fadama da ke tsakiyar ƙasar, ya kwanta makonni, sa'an nan ya lallaɓo ya wuce Yamai ya iso mana bayan watanni. Masunci da manomin shinkafa ba sa ɗaga kai su dubi gizagizai kafin su ce kogi zai cika. Sun san sanadin yana nesa, kuma ya riga ya auku tun tuni.

Haka kasuwar hatsi take. Kuɗin da uwargida take tararwa a kan tiyar masara ranar kasuwa, tun watannin baya aka ƙulla shi: a gonaki, a rumbuna, a ofisoshin Yamai da Kwatano da Abuja. Akwai wata hanya ta nazari da masana suka tsara domin gane irin wannan al'amari mai sarƙaƙiya. Turawa suna ce mata sistem dainamiks; mu a nan za mu kira ta ilimin juyawar tsari. Za mu gwada ta a kan abin da ya faru a iyakarmu daga shekarar 2023 zuwa 2025, domin kowa ya gani da idonsa, kuma kowa ya ji a aljihunsa.

Abin da ya faru a kan gada

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Bayan kwana huɗu, shugabannin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato CEDEAO, wadda a Nijeriya ake kira ECOWAS, suka taru a Abuja suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, ciki har da rufe iyakoki. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ita ce babbar ƙofar Nijar zuwa teku a lokacin, domin mafi yawan kayan da ƙasar take sayowa daga ƙetare a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ake sauke su. Ɗaruruwan manyan motoci suka yi cirko-cirko a ɓangaren Benin. Hanyar Kamba, ta shiga jihar Kebbi, ita ma aka rufe ta.

Ranar 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin. Iyakar Nijeriya ta buɗe a watan Maris. Benin ta buɗe nata gefen gadar, amma Nijar ta bar nata a rufe bisa dalilan tsaro da ta bayyana, kuma haka aka ci gaba har cikin shekarar 2025. Wa ke da gaskiya tsakanin gwamnatoci, wannan magana ce ta wani zauren. Tamu tambayar ita ce: me ya sa sakamakon kowane mataki ya fito ta inda ba a zata ba, kuma a lokacin da ba a zata ba?

Mutumin da ya fara da fensir

Wanda ya kafa wannan ilimi wani injiniya ne ɗan Amurka mai suna Jay Forrester, wanda aka haifa a 1918 ya rasu a 2016. A gidan kiwon shanu ya tashi a jihar Nebraska, daga baya ya zama malami a jami'ar fasaha ta MIT. A cikin shekarun 1950 wasu shugabannin kamfanin General Electric suka kawo masa wata damuwa. Masana'antunsu na jihar Kentaki wani lokaci aiki yana yi musu yawa har ma'aikata suna kwana a kai, bayan 'yan shekaru kuma sai a sallami mutane da yawa don babu aiki, sa'an nan a sake komawa gidan jiya. Su dai sun ɗora laifin a kan kasuwa. Forrester ya ɗauki fensir da takarda, ya ja layuka: kayan da ke ajiye, yawan ma'aikata, odar da ta shigo. Ya bi lissafin mako bayan mako bisa yadda su kansu shugabannin suke yanke shawara. Sai ya gano cewa ko da masu saye ba su canja komai ba, wannan hawa da sauka zai faru, domin daga cikin gida yake tasowa: ana ƙara ma'aikata a makare, ana ragewa a makare. Ya buga littafinsa na farko a kan hanyar a 1961. A yau da kwamfuta ake yin manyan lissafe-lissafen, har na tattalin arzikin ƙasa sukutum. Amma ina so mai karatu ya riƙe cewa da fensir aka fara, irin wanda yake hannunsa.

Tushen abin ba shi da wuya ga wanda ya san rumbu. Akwai abin da yake taruwa, kamar hatsin da ke cikin rumbu, ko ruwan fadamar Mali, ko bashin da ke wuyan mutum. Wannan shi ne tari. Akwai kuma abin da yake shiga da abin da yake fita. Wannan ita ce kwarara. Ba a iya canja tari da umurni. Sai dai a ƙara abin da ke shiga, ko a rage abin da ke fita, sa'an nan a jira. Jiran nan shi ne jinkiri, kuma shi ne yake ruɗa masu hankali. Giginyar Dallol Mawuri cikin yini ɗaya ake sare ta don azara, amma wadda za ta maye gurbinta sai ta shekara gommai, idan ma ba a tone ta tun tana muruci ba. Mai sara yana ganin kurmi bai ragu ba, alhali giɓin yana can yana jiran jikokinsa.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi muhimmanci, shi ne zagaye: sakamako ya juyo ya taɓa sanadinsa. Zagaye iri biyu ne. Akwai mai hura wuta, wanda kowane juyi yake ƙara wa abin ƙarfi. Akwai mai ja da baya, wanda yake ƙoƙarin mayar da abin inda yake a da. A kan allo, kibiya ake ja daga sanadi zuwa sakamako. In kibiyoyin suka dawo inda suka faro, an sami zagaye ke nan.

Mu ja kibiyoyin kasuwarmu

Da aka rufe gada, shinkafar waje da mai da sauran kayan masarufi suka rage shigowa, kuɗinsu ya hau. Wannan kowa ya zata. Abin da ya biyo baya shi ne zagaye mai hura wuta. Mai ɗan hali ya ji tsoron gobe, ya sayi buhu biyu maimakon ɗaya. Ɗan kasuwa ya ga kuɗi yana hawa, ya kulle sito yana jiran ya ƙara hawa. Wanda shinkafa ta fi ƙarfinsa ya koma kan masara da gero, su ma suka bi sahu. Tsada ta haifi tsoro, tsoro ya haifi ɓoyo, ɓoyo ya ƙara tsada. Babu wanda ya yi wauta a cikinsu idan aka dube shi shi kaɗai, amma haɗuwar dabararsu ita ce ta ƙara wa kowa wahala.

A lokaci guda wani zagaye mai ja da baya ya tashi. Muddin masara ta fi tsada a wannan gaɓa fiye da waccan, to akwai ribar da za ta biya mai kwalekwale da ɗan dako da ɗan kabu-kabu. Mutane da kaya suka koma ƙetarewa ta ruwa. Manyan kaya kuwa aka karkatar da su ta tashar Lome a Togo, su ratso Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji, hanya mai nisa da haɗari da tsada. Wato kwarara ba ta tsaya ba. Hanya ta sake, kuma kowace sabuwar hanya da kuɗinta, wanda a ƙarshe mai sayen tiya yake biya. Mutanen Kamba sun riga sun ga irin wannan lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 domin hana shigowar shinkafar waje.

To, masarar da take ƙetaro mana daga rumbun wani take fitowa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Masara ta yi tsada a kasuwannin Benin, jama'ar can suka koka, kuma a watan Mayu na 2024 hukumominsu suka tsaurara matakai a kan fitar da hatsi ta kogi, daidai lokacin da rumbunanmu suke gab da ƙarewa. Ga kibiya ta tafi ta dawo: tsadarmu ta jawo hatsinsu, ƙarancin hatsinsu ya jawo hani, hanin ya dawo ya ƙara mana tsada.

Akwai ma wata kibiya da ta fito daga wani gefe dabam. A ƙarshen Mayu 2023 gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin man fetur. Man ruwa-ruwa da ake sayarwa a kwalabe a bakin hanya ya yi tsada, shi ne kuwa injin ban-ruwa yake sha a gonar shinkafa da lambun albasa. Wanda ya yanke wannan shawara a Abuja bai san da mai lambun Tanda ba, amma ta same shi har bakin rijiyarsa.

Yanzu ga inda jinkiri yake shigowa, kuma nan ne nake so a daɗe ana tunani. Tsada tana kiran manomi ya faɗaɗa gona, ya ci bashin taki, ya ɗauki 'yan ƙwadago. Amma tsakanin shawarar shuka da girbi akwai watanni huɗu ko biyar, kuma duk maƙwabtansa irin wannan shawara suke yankewa, suna duban farashin bara. Daminar 2024 ta zo da ruwa mai yawan gaske. Ambaliya ta yi ɓarna mai tsanani, amma a wurare da dama hatsi ya yi kyau. A watan Oktoba na wannan shekara gwamnatin Nijar ta hana fitar da shinkafa da gero da dawa da masara da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso, domin kare masu saye. A Nijeriya kuma, tun watan Yuli, an ba da sanarwar ɗage harajin shigo da wasu nau'o'in hatsi na tsawon kwana 150. Girbi mai albarka, ƙofar fita a rufe, maƙwabciya kuma ta buɗe ƙofar shigowa: a 2025 kuɗin hatsi ya sauka ƙwarai idan aka gwada da na 2024. Mai saye ya yi hamdala, kuma yana da gaskiya. Manomin da ya ci bashin taki da tsada ya sayar da araha, shi ma kukansa gaskiya ne. A ganina kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka labarin ya ƙare a nan. Manomin da ya yi asara bana yakan rage gona baɗi, kuma ragin nan ba zai bayyana a kasuwa ba sai bayan shekara guda, kamar ruwan Gini. Wannan shi ne hawa da saukar da Forrester ya gani a Kentaki, sai dai a nan buhunan hatsi ne maimakon kayan masana'anta.

Lissafin gida ɗaya

Kada a ce wannan duk maganar manya ce. Ga wani misali da na ƙaga domin aji. A canja alƙaluman su dace da gidan kowa.

A ce gida yana girbe buhu 28 a shekara mai kyau. Yana cin buhu 2 kowane wata, wato 24 a shekara, yana sayar da 4 don sutura da magani da haraji. Abin ya yi daidai, babu rara babu giɓi. Sai wata shekara taki ya gagara saye, ko ambaliya ta ci gefen gona, aka sami 24 kawai. An sayar da 4, saura 20, abincin wata goma. Maigida ya ranto buhu 4 a tsakiyar damina, bisa sharaɗin kowane buhu a biya shi da buhu ɗaya da rabi a kaka.

Shekara ta biyu damina ta yi kyau, an girbe 28. An biya bashi 6, an sayar da 4, saura 18, abincin wata tara. Sai an ranto 6. Shekara ta uku ma an girbe 28, an biya 9, an sayar da 4, saura 15. Sai an ranto 9. Shekara ta huɗu biyan ya kai buhu 13 da rabi, abin da ya rage a rumbu kuwa wata biyar da 'yan kwanaki kawai zai kai. A lura: sau ɗaya tak aka yi mummunar shekara. Sauran duka damina ta yi kyau, maigida bai yi lalaci ba, amma gidan yana nutsewa. Maƙwabta za su ce rashin tattali ne, shi kuma zai ce ƙaddara ce. Takarda kuwa ta nuna zagaye ne mai hura wuta.

Amfanin wannan lissafi shi ne yana ba mu damar gwada magani a kan takarda kafin a gwada shi a kan cikin yara. A ce tun shekara ta biyu an ƙara noman rani da yake kawo abin da ya kai buhu 2. Za a sami 30, a biya 6, a sayar da 4, saura 20, a sake ranto 4. Bashin ya daina girma, amma bai ragu ba. Duk wahalar lambun ƙarin bashi ta tafi biya. A ce kuma daga bankin cimaka na gari aka ranto, inda ake mayar da buhu da buhu, da 'yan tiyoyi na kula da sito. Da wannan haɗe da lambun, shekara ta biyu saura 22, a ranto 2. Shekara ta uku saura 24, an fita. Amma idan aka bari sai bashi ya kai buhu 9 a hannun mai ƙari, ƙarinsa kaɗai buhu 4 da rabi ne, buhu 2 na lambu ba za su tare shi ba. Taimako iri ɗaya ne, lokacin zuwansa ne ya bambanta.

Na taɓa yin wannan lissafi a wani ajin mata, da tsakuwa a madadin buhu. Da na gama, wata dattijuwa ta ce, “Malam, ka manta da kibiya ɗaya.” Na ce, “Wacce, Inna?” Ta ce, “In rumbu ya ƙare a tsakiyar damina, maigida gonar wani yake tafiya ƙwadago, tasa ciyawa ta cinye. To ina zai ga buhu 28 ɗin da kake ta rubutawa?” Gaskiyarta. Na share allo na sake zane, kuma gidan ya nutse da sauri fiye da yadda na lissafa. Tun daga ranar ba na zuwa aji da zane a shirye. Tare muke ja. Ko manyan masanan ma sun yarda cewa zane ba ya wuce sanin waɗanda suka ja shi, kuma ba duba ba ne: ba zai faɗa maka kuɗin tiya a watan Yuni ba, sai dai ya nuna maka ta wace fuska abin zai karkata idan ka taɓa nan ko can.

Wannan gargaɗi ya shafi har dabarun da muka amince da su. Tun ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyoyin manoma a Nijar suke yin warantaji, wato a ajiye amfanin gona a sito a kaka, a karɓi rance a kansa, a sayar bayan watanni in kuɗi ya hau. Dabara ce mai kyau, ta fitar da gidaje da yawa daga sayar da araha a kaka. Amma ta dogara ne a kan kibiya ɗaya: cewa kuɗi zai hau kafin damina. A shekarar da aka hana fitar da hatsi, ko hukumar OPVN ta fito da nata tana sayarwa da rahusa, ko kowa ya buɗe sito a mako ɗaya, hawan ba zai kai yadda aka sa rai ba, ga kuma rance yana jira. Saboda haka ya kamata kwamitin ƙungiya, kafin ya kulle sito, ya zauna ya tambayi kansa: wace ƙofa ce a buɗe bana, wace ce a rufe, su wa kuma suke ajiya irin tamu? Sa'an nan ya lissafa abin da zai faru in kuɗin bai hau ba ko kaɗan, ya ga ko ƙungiya za ta iya ɗauka.

Aikin da za a yi a aji

Kowane ɗalibi ya ware shafi biyu a littafinsa. A shafi na farko ya rubuta watanni goma sha biyu a jere, daga watan girbi. Ranar kasuwar farko ta kowane wata ya rubuta kuɗin tiyar gero da ta masara da ta shinkafa, da adadin abin da ya rage a rumbunsa, dami ko buhu. A gefe ya rubuta duk wani labari da ya ji a watan: an buɗe hanya, an hana fitar da kaya, mai ya yi tsada, kogi ya cika. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya yi amfani da alamomi, malami ya taimaka masa da lambobi. Ofishin SIMA mai bin farashin kasuwannin amfanin gona yana tattara irin waɗannan alƙaluma na ƙasa baki ɗaya, amma na kasuwar garinku ku ne kuka fi kusa da su.

Shafi na biyu na zane ne. A zana rumbu a tsakiya, a ja kibiyoyin abin da ke shiga da na abin da ke fita, har da biki da zakka da iri da abin da ɓera da gara suke ci. A nemi kibiyar da ta tafi ta dawo. Maza da mata su yi nasu dabam, sa'an nan a haɗa, domin sau da yawa abin da maigida ya rubuta yana fita daga rumbu bai yi daidai da abin da uwargida take aunawa ba. In wata na goma sha biyu ya cika, a kawo littattafan aji a jera su, a nemi watan da kuɗi ya fara motsi, sa'an nan a koma baya a ƙirga wata nawa ne tsakaninsa da labarin da ya jawo shi.